Na Kai Muryar Inna Hajjo Taron da Ba a Yi Ba

A filin jirgin Addis Ababa na fara gane cewa ni kaɗai ce. Sanyi ake yi irin wanda ban taɓa ji ba, ga ni da atamfa da mayafi shara-shara da silifas, don babu wanda ya ce mini in taho da rigar sanyi. Yaya Nura, wanda ya shirya mini tafiyar, cewa ya yi zai tarye ni a can mu ƙarasa tare. Na zauna a kan kujerar ƙarfe ina ta raba ido, duk mai hular da ya gifta sai in miƙe. Can sai ga saƙonsa: ai shi ya wuce tun shekaranjiya, aiki ya yi masa yawa, in bi allon da ke nuna ƙofofi kawai. Ka ji fa. Matar da iyakar tafiyarta Kaduna ake ce wa ta bi allo.

Rabi sunana, kwamfuta nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Gwarzo. Da yamma kuma nakan tara matan unguwa a tsakar gidana in nuna musu yadda ake kulle waya da lamba, da yadda ake gane saƙon 'yan damfara. Yaya Nura ɗan Kabo ne, ajinsu ɗaya da yayana, tuwon gidanmu kuwa ya ci shi ba adadi. Yanzu yana Abuja, a wata ƙungiya mai fafutukar 'yancin mutane a waya da intanet. Ƙungiyar tasu na cikin waɗanda suka haɗu suka shirya babban taro na duniya a wata ƙasa can kudancin Afirka. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, domin talakawanta ba abin da suka yi mini sai alheri.

Abin da zan kai taron muryar mutum ɗaya ce. Inna Hajjo ita ce mai nonon da nake saya a wurinta tun ina amarya, daga wata ruga bayan Durun take zuwa kasuwar Gwarzo. Lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomin Katsina da ke maƙwabtaka da mu saboda 'yan bindiga, babban ɗanta Iro yana can yana kiwo a wurin kawunsa. Mutanen can sai sun yi tattaki zuwa wani tudu ta wajen Kutama kafin waya ta kama. Iro ya hau tudun don ya ji lafiyar uwarsa. 'Yan sa-kai suka tarar da shi, Bafulatani da waya a kunne a kan tudu, suka ce labari yake kai wa 'yan daji. Tun ranar ba a sake ganinsa ba. Inna Hajjo ta san wanda ya jagoranci kamun, wani da ake ce wa Kwamanda, kuma har yau yana ratsa kasuwar da take zama. Ɗa guda ya rage mata, Sale, shi ke riƙe da ita da 'yan shanunsu.

Na sha wuya kafin ta yarda ta yi magana. Na ce mata, "Inna, labarin kawai za a ji. Ba suna, ba gari, muryar ma za a sauya ta yadda ko Sale ba zai gane ki ba." Ba daga kaina na ƙago ba, abin da Yaya Nura ya rantse mini ke nan.

Da na danna wayar na ce ta fara, ba da Iro ta fara ba. Tsohuwa irinta ba ta faɗa wa manya magana haka kawai kamar wadda ba ta da asali. Ta gyara zama, ta yi sallama, ta ce ita ce Hajjo matar marigayi Bello na rugar bayan Durun, uwar Iro da Sale. Ta gaida waɗanda za su ji ta, ta tambayi iyalansu da gajiyarsu, har da yadda damina take a ƙasarsu. Ban katse ta ba, wa zai katse tsohuwa tana gaisuwa? Na tura wa Yaya Nura don ya fassara, na ce ya yanke farkon, ya ce an gama. Ni kuma na goge komai daga wayata, kamar yadda su da kansu suka koya mana. Wannan amanar ce ta zaunar da ni a kan kujerar ƙarfen nan ina karkarwa, da ba don ita ba da na nemi jirgin komawa Kano.

Jirgi na biyu ya sauke mu da hantsi. A layin jami'an shige da fice, duk wanda ya nuna takardar gayyatar taron sai a ce ya koma gefe. Aka tara mu a wani ɗaki mai kujerun roba, ni da wasu samari 'yan Sudan da wani dattijo mai farin gemu daga ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba. Turawan da muka sauka tare kuwa suka ce yawon buɗe ido suka zo, aka buga musu hatimi suka wuce abinsu. Na ɗauka gaskiya suka faɗa.

Jami'in da ya kira ni bai ɗaga murya ba. Me za ki faɗa a taron? Wa ya biya miki jirgi? Gwamnatinku ta san kin taho? Daga nan ya ce in buɗe masa wayata. Ya yi ta gungurawa, hotunan 'ya'yana, hotunan ɗinkunan sallah, darasin 'yan aji uku. Na ce a raina, duba har gobe, bawan Allah, ba abin da za ka samu. Har wani daɗi na ji, ina ganin na tsare amana. Ya buga mini hatimi, amma kwanakin da ya ba ni ba su kai ranar komawata ba. Dattijon nan mai gemu kuwa a jirgin da ya kawo shi aka mai da shi.

Kafin a sallame mu azahar ta yi. Wata jami'a mai gicciye a wuya ta lura ina dube-dube. Ba ta ce komai ba, ta fita ta dawo da kwalin da zan yi salla a kai da shayi mai zafi a kofin roba, ta ciro wayarta ta nemo mini alƙibla, ta tsaya a bakin ƙofa har na idar. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

A otal na sami Yaya Nura cikin kwat, da katin taro a wuya, yana ta kai da komo. Ya ce, "A'a, Rabi, kin iso? Madalla." Ya wuce. Ko mutanen gida bai tambaya ba. Na ce ƙila aiki ne, na shige ɗaki. Abincinsu ba gishiri ba yaji, na ci don kada in faɗi. Na leƙa ta taga, garin tsaf-tsaf, bishiyoyi masu shuɗin fure a jere, amma ba ko akuya ɗaya a titi, ba mai talla, ba kiran salla. Kewar gida ta kama ni, alhali ko kwana ban yi ba.

Washegari aka kwashe mu a bas zuwa zauren taron. Muka tarar da ƙofa ɗaure da sarƙa, 'yan sanda a tsaye, an manna takarda: wata ma'aikatar gwamnati ta ɗage taron har sai ta duba ko batutuwan da za a tattauna sun dace da tsaron ƙasa da al'adunta. Mutane suka fara hayaniya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne masu ɗaukar hoto na masu shirya taron sun riga mu isa, sun kafa kyamarorinsu suna fuskantar ƙofar. Aka ce mu jeru. Wani saurayi ya jawo ni gaba, ya ce in tsaya daidai sarƙar don mayafina ya fito sosai. Na tsaya kamar tunkiyar da aka kai kasuwa.

A bas, kan hanyar komawa, wata 'yar jarida daga gabashin Afirka, Grace, ta zauna kusa da ni. Mace ce mai baki, irina. Ta ce, "'Yar'uwa, ke ma ba a faɗa miki ba, ko?"

Na ce, "Faɗa mini me?"

Ta ce ai fiye da mako ke nan manyan taron sun san akwai matsala. Ofishin jakadancin wata babbar ƙasa ya yi ƙorafi kan wasu da aka gayyato, ƙasar kuwa ita ke gina wa gwamnatin nan tituna. Ma'aikata ta fara jan ƙafa kan izini. Sai aka aika wa masu manyan sunaye saƙo a asirce, wasu aka ce su zauna a gida, wasu aka ce in sun sauka su ce yawon buɗe ido suka zo. Ta ce, "Mu kuwa an bar mu mu taho don a sami fuskokin da za a ɗauka a bakin ƙofa."

Na tare Yaya Nura a ƙofar otal. Na ce, "Yaya Nura, ka sani tun kafin in baro gida?"

Ya ce, "Ba a tabbatar ba, Rabi. Kuma ki duba, da mun ce kowa ya zauna, gwamnatin nan ta ci riba ke nan ba wanda ya gani. Dole duniya ta ga abin da aka yi."

"Ni ka tambaye ni ko ina so duniya ta gan ni?"

Ya yi dariya, ya ce har yanzu bakin nan nawa yana nan. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga ya yi gaba. Raina ya ɓaci, amma na ce wahalar banza ce kawai, in koma gida in ba da labari a yi mini dariya. Ban san ko farawa ba a yi ba.

Da la'asar aka tara mu a ɗakin cin abinci, an kafa babban allo. Shugabar shirye-shiryen, wata Baturiya mai furfura da kowa ke ce wa Madam, ta tashi ta ce an hana mu zaure amma ba za a hana mu magana ba. Duk muryoyin da aka shirya saurara a taron an sake su a intanet yanzun nan, kowa a duniya ya ji. Aka tafa. Ina riƙe da cokali, ban ma mai da hankali ba, sai na ji lasifika ta ce:

"Salamu alaikum. Ni ce Hajjo, matar marigayi Bello na rugar bayan Durun, uwar Iro da Sale."

Muryarta ce sak, har da ɗan tarin da take yi kafin ta ambaci mijinta. Allon baƙi ne, an zana tudu da saniya. A ƙasa, inda ake rubuta fassara da Turanci, kalma ɗaya ce tak ta tsaya duk tsawon lokacin da take gabatar da kanta: gaisuwa. Da ta shiga labarin sai fassarar ta fara gudu, kuma a rubuce an sauya komai, Iro ya koma wani suna, Kwamanda ya koma "wani shugaba", ba a rubuta gari ba. A kunnena kuwa tsohuwar na kiran kowa da sunansa. Wasu a cikin mutanen har da share hawaye.

Ban jira ya ƙare ba, na ratsa teburori na isa gaban Madam. Na ce a cire shi daga intanet yanzu. Ta riƙe hannuna tana murmushi, ta ce kada in damu, masu kula da tsaronsu sun bi fassarar layi-layi sun cire duk suna. Na ce, "Kin san abin da ta faɗa a wurin da kuka rubuta gaisuwa?" Na maimaita mata da Turanci, suna da miji da ruga da 'ya'ya. Murmushin ya ɗauke. Ta aika aka kira Yaya Nura.

Ta tambaye shi me ya sa bai fassara farkon ba. Ya ce, "Gaisuwa ce kawai. Mutanenmu suna da doguwar gaisuwa, ba a fassara ta, kowane mai fassara tsallakewa yake yi." Ta ce to sauran sunayen da ke cikin sautin fa, da sauya muryar? Ya ce sun gwada, ta fito kamar ta inji, ba ta taɓa zuciya, kuma ai matar ta amince a bar muryarta yadda take.

Na juya harshe zuwa Hausa. Na ce, "Yaya Nura, dube ni. Yaushe ta amince?"

Ya rage murya. "Rabi, kada ki tona mini asiri a gaban mutanen nan. Wa zai ga wannan abu a Durun? Ko wutar lantarki babu."

"Kai da ka tashi a Kabo kake faɗar haka? Ɗalibi ɗaya ya gani a Kano ya tura wa 'yan garinsu, shi ke nan. Gobe yana wurin mai cajin waya a tasha, yana zuba wa mutane shi a memorin waya tare da wa'azi da waƙoƙi. Ni nake koya musu wayar nan, na san yadda abu ke yawo."

Ya ce, "Ki fahimta, a duk abin da muka saki wannan ne ya fi tafiya. Masu ba mu tallafi suna kallo. In aka cire shi yanzu, wahalar tsohuwar ma ta tashi a banza."

Ban taɓa ja wa mutum Allah ya isa ba sai ranar. Na faɗa masa a fuskarsa, sau biyu, don kada ya ce bai ji ba.

Madam ba muguwar mace ba ce. Amma ta ce ba a shafinsu kaɗai sautin yake ba, an raba wa ƙungiyoyin da suka haɗa taron da 'yan jarida a lokaci guda, kowa ya ɗora a nasa. Sai an zauna, sai an rubuta wa kowa, lauyoyinsu kuma duk suna ma'aikata suna neman a saki kayan taron da aka riƙe. Na bi ta ɗaki-ɗaki ina roƙo kamar mai bara. Sai washegari da rana aka fara cirewa. Mutanen da suka tara duniya don su koyar da yadda ake kare sirrin talaka, sun kasa kare na tsohuwa guda na wuni ɗaya.

A washegarin ne kuma 'yan sanda suka zo otal suka tafi da wasu 'yan ƙasar da suka yi wahalar shirya taron. Su ba su da inda za su gudu, nan ne gidansu. Daga nan kowa ya kama kansa. Ƙungiyoyi suka fara fitar da ma'aikatansu da kowane jirgi aka samu. Na sauko da safe ina neman Yaya Nura, mai karɓar baƙi ta ce ai ya tafi filin jirgi tun asuba. Saƙon murya ya bar mini: in yi haƙuri, umarnin ofis ne, za a tuntuɓe ni. Matar ta ƙara da cewa masu taron sun soke sauran kwanakin ɗakunan, sai in fitar da kayana kafin azahar. Na kira kamfanin jirgi, babu kujera, duk baƙin taron na rububin fita. Ga hatimin fasfona na shirin ƙarewa. Grace ta rungume ni ta hau motar da za ta tsallaka da ita iyaka ta ƙasa. Na tsaya a bakin titi da akwati.

Abu ɗaya ya zo mini. Na tsai da tasi na ce ya kai ni masallaci, kowanne ne. Ya kai ni wata unguwa ta 'yan kasuwa, can bayan tashar motoci. Ina sauka na ji wani na cewa da Hausa, "Kai, ajiye shi nan, kada ka fasa mini kwalabe." Wallahi ban san lokacin da na saki akwatin ba. Na yi sallama. Dattijon ya juyo, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya amsa, ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Na ce Gwarzo. Ya ce, "Gwarzo ta Kano? Ikon Allah. Na sayi jaki a kasuwarku ina saurayi."

Alhaji Mamman ke nan, mutumin Damagaram, turare yake sayarwa a ƙasar tun kafin a haife ni. Bai tambaye ni takarda ba, bai tambaye ni wa ya aiko ni ba. Ya kai ni gida wurin matarsa Hajiya Zinaru. Ta tuƙa tuwon masara, ta ciro kukar da take ɓoyo a gwangwani, wadda sai baƙo na musamman ake taɓa wa, ta kaɗa miya har da daddawa. Loma ɗaya na kai baki na fashe da kuka. Ta ce, "Ci, 'yar nan, kukan ya jira." Ta ba ni rigar sanyinta da safa. Alhaji ya rufe shagonsa ya raka ni ofishin shige da fice, muka wuni a kan benci har aka ƙara mini kwanaki. Ya sake raka ni kamfanin jirgi, ya yi ta magana da su da yaren ƙasar har aka sa ni a sahun masu jiran kujera.

A gidansu maigidana ya same ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Rabi, abin nan fa ya iso. Na ji shi da kunnena a wurin mai shayin bakin tasha. Har wani ya ce ai mai nonon nan ce ta gindin ɗorawa."

Na ce ya taimake ni don Allah ya hau babur ya je Durun, ya ce su tashi, ko na ɗan lokaci ne. Ya je. Inna Hajjo ta ce ina za ta da tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, ga shanu ga jikoki? Na kira wayar Sale. Ya ɗauka, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi hanya da sanyin da ya ji an ce ana yi a can. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Haba Malama, ba komai. Ai gaskiya Inna ta faɗa. Ni kuma ban ɗauki kayan kowa ba, me zai sa in gudu?" Na roƙe shi ko kasuwa ya daina zuwa. Ya ce to, amma irin to ɗin da ake ce wa babba don a rabu lafiya.

Na yi ta aika wa ofishin su Yaya Nura saƙo, ko za su nemo lauya, ko su kai uwa da ɗa wani wuri. Amsa ɗaya ce ke dawowa, an karɓi ƙorafina, ana dubawa. Shi kansa ya daina ɗaukar kirana. Sai dai na gan shi a intanet, a wata ƙasar Turawa, yana jawabi kan yadda aka murƙushe taronsu. A bayansa an haska babban hoto, ni ce tsaye a gaban sarƙa da mayafina.

Ranar da aka ce an samo mini kujera na kira Sale in faɗa masa ina tafe. Wayar a kashe. Na sake kira daga filin jirgi, na sake daga Addis Ababa. Hajiya Zinaru ta cusa mini kwalbar turare a jaka ta ce in kai wa tsohuwar, Alhaji ya ce in gaida Gwarzo.

Maigidana ya tarye ni a Kano. Bai bari na tambaya ba. Ya ce ranar kasuwa Sale ya kai raguna Gwarzo, a hanyar komawa wasu masu babura suka tare shi, mutane na gani suka tafi da shi. An faɗa wa mai gari, an kai magana wurin 'yan sanda, an ce ana bincike. Ban shiga gida na ga 'ya'yana ba, na ce ya wuce da ni Durun.

An yi ruwa da safe, hanyar rugar duk taɓo, a ƙafa muka ƙarasa. Gero ya yi kyau a bana, ya fi tsayina. Shanun na ɗaure tun hantsi ba wanda ya kora su, suna ta kuka. Na shirya kaina ta zage ni, ko ta juya mini baya, ko ta kore ni. Da ta yi haka da na fi samun sauƙi.

Inna Hajjo na zaune a ƙofar ɗakinta. Ta rame ƙwarai. Da ta gan ni ta yunƙura ta shimfiɗa mini tabarma da kanta, ta sa matar Sale ta kawo nono a ƙwarya. Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara. Ta ce ta ji an ce na sha wahala a can, har an hana ni ɗaki, Allah ya ba ni lada. Ta ina zan fara yi mata bayani? In ce mata taron ma ba a yi ba? In ce ɗan Kabo ne ya sai da ita don a tafa masa?

Ta matso kusa, ta rage murya don kada surukarta ta ji.

"Malama, manyan nan da kika kai wa maganata, sun ji?"

Na ce, "Sun ji, Inna."

"Duk sun ji?"

"Duk sun ji. Har da masu kuka."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce alhamdulillahi. Ta murza bakin zanenta, sannan ta ɗago ta dube ni.

"To wanne suka ce za a fara sako mini, Iro ko Sale?"